Riƙon ƙwarya ko riƙon sakainar kashi? Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu kula da ilimin firamare a jihar Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe shugabanninmu na ilimi a Birnin Kebbi, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 21, da iyayenmu hedimastoci, da dattawan kwamitocin makarantu. Ina gaishe ku da aiki, da fatan an shiga sabuwar shekarar karatu lafiya. Allah ya ƙara muku haƙuri da jama'a.

Ni malami ne mai takardar NCE, wato shaidar koyarwa ta kwalejin ilimi. Shekarata ta uku ke nan ina riƙe da aji a wata firamare da ke bakin fadama a masarautar Argungu, amma in kun buɗe jerin masu albashi ba za ku ga sunana ba. Ina magana ne da yawun irina, waɗanda ake kira da sunaye barkatai: malaman sa-kai, malaman PTA (ƙungiyar iyaye da malamai), malaman wucin gadi, 'yan riƙo. Kusan duk ƙofa ɗaya muka shigo ta. Mai aji ya tafi ƙaro karatu, ko ta tafi hutun haihuwa, ko ya yi ritaya, ko an canza masa wurin aiki, ko Allah ya yi masa rasuwa. Sai a kira wani ɗan gari da ya gama kwaleji yana zaune, a ce, "Zo ka riƙe mana kafin a turo wani." Wannan "kafin" ɗin ne yake zama shekara, ya zama biyu, ya zama biyar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bai taka kara ya karya ba. Ranar da aka koma makaranta, hedimasta ya tara mu a gindin dalbejiya ya ce, "Malamai, a ci gaba da haƙuri, a ci gaba da riƙo." Karo na uku ke nan da nake jin wannan magana daga bakinsa a gindin bishiyar nan. Ban ga laifinsa ba, don babu komai a durowarsa sai rajista da kwalin alli. Amma da na koma gida na kasa barci, na ce gara in faɗa wa waɗanda suke da ikon sa hannu a takarda.

Kada ku ɗauka ƙarar riƙon kansa na kawo. Dogon riƙo alheri ne, na kuwa gani da idona. Lokacin da na karɓi aji huɗu, yaran sun riga sun saba da malamai masu shigowa su fita. Wannan ya yi mako uku, wancan ya yi wata guda, kowa ya zo sai ya koma shafin farko na littafi, don bai san inda na baya ya tsaya ba. Yaran sun haddace darasin farko kamar Fatiha, na goma kuwa ba su taɓa jin ƙamshinsa ba. Sai da na cinye zango guda kafin in san ajin nan da gaske: wane ne yake zuwa bai karya ba, wane ne ba ya ji da kunne ɗaya don haka dole a zaunar da shi gaba, su wa za su ɓace in shinkafa ta fara nuna saboda korar tsuntsaye, wace ce talla take hana ta zuwa ranar kasuwa.

Akwai wata yarinya mai zama can ƙurya, rubutunta kamar an buga da inji. Duk malamin da ya duba littafinta sai ya yi mata maki ya wuce. A wata na uku ne na kira ta na ce ta karanta mini abin da ta rubuta da hannunta, sai ta yi shiru, hawaye suka zubo. Ashe zanen haruffan kawai take kwaikwaya daga allo, ko ɗaya ba ta sani ba. Malamin mako uku ba zai taɓa gano wannan ba, ba don ba shi da ilimi ba, lokaci ne bai ba shi dama ba. Muka fara daga ba, bi, bu bayan an tashi. Bana tana aji shida, ita take karanta wa kakarta takardar asibiti. Na roƙi a bar ni in bi ajin nan daga huɗu zuwa biyar zuwa shida, aka bar ni, kuma wannan ne kaɗai abin da na taɓa roƙa aka yi mini nan take.

Iyaye ma sai sun ga fuska ta daɗe suke sakin jiki. A shekarar farko in na je gida bin sawun yaro, daga zaure ake sallamata. Yanzu uban yaro ne zai tare ni a masallaci ya ce, "Malam, wanga yaro naka ya ƙi tashi da sahe, ka yi mai magana." A ƙasar Dandi, inda yaro yake tasowa da Zabarmanci, ko ƙasar Zuru da Dakarci, ko rugagen Fulani, ɗan riƙon da ya fito daga cikin jama'ar shi ne gadar da yaro yake takawa zuwa Hausa da Turanci. Mu kanmu mun ƙaru. Abin da na koya a gaban allo cikin shekara biyu, gwajin koyarwar da muka yi muna kwaleji bai ba ni rubu'insa ba.

Gwamnati ma ta san amfanin abin, shi ya sa ta sha gwada shi da sunaye daban-daban. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ta fara shirin malaman tarayya a 2006, ana ɗaukar masu NCE su yi shekara biyu a makarantu. A 2016 aka zo da shirin sama wa matasa aiki na N-Power, masu koyarwa a ƙarƙashinsa suna karɓar naira 30,000 a wata. Masu yi wa ƙasa hidima kuwa tun 1973 ake tura su, da yawansu aji suke ƙarewa. Duk waɗannan, kowane irin aibu aka gani a cikinsu, suna da abu uku: takarda, da wa'adi, da sanannen alawus. Mu da muke cike gurbin da suka bari, musamman bayan an sallami rukunan farko na N-Power a 2020, ko ɗaya daga cikin ukun ba mu da shi.

Takardar ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Da baki aka ɗauke ni, da baki ake sabunta ni, da baki kuma za a sallame ni. Ran da masu duba makarantu suka zo, an taɓa ce mini in ɗan zaga baya har su tafi, don sunana ba ya cikin jerin ma'aikata, kada a yi tambayar da ba ta da amsa. Na tsaya bayan aji ina jin yarana suna amsa tambayoyin baƙi da abin da na koya musu, ana yaba wa makaranta. Ni nake shirya jarrabawa, ni nake makin ta, ni nake cike katin sakamako, amma sunan da yake sama a matsayin malamin aji na wani ne da yaran suka manta kamanninsa. In aka buɗe ɗaukar malamai aka ce a kawo shaidar ƙwarewa, me zan miƙa? Shekara uku ta tafi kamar an shuka dusa. Kuma ku duba ta ɓangarenku: in yaro ya ji rauni a hannuna, ko wani ɗan riƙo ya aikata abin kunya, wa za a tuhuma, tunda a rubuce babu wanda ya sa shi a ajin? A ƙasar nan tamu, ko Nana Asma'u da take tura malamai mata da ake kira jajis ƙauyuka su koyar da mata, sai ta karantar da su tukuna ta ɗora musu malfa, don duk wanda ya gan su ya san da izini suka zo. Ba mu nemi malfa ba. Fallen takarda ɗaya mai hatimi ya ishe mu.

Sai maganar kuɗi, wadda malami yake jin nauyin faɗa. Abin da ake ba mu daga ɗan karo-karon iyaye yake fitowa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuwa ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, saboda haka hedimasta a ɗarare yake karɓar kuɗin, iyaye kuma a ɗarare suke bayarwa. In damina ta yi kyau mu samu, in ambaliya ta cinye fadama mu ji shiru. Lokacin hutu babu ko sisi, sai ka ce ciki ma hutu yake tafiya. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, jiharmu ta ɗora nata a 75,000, alawus ɗin masu hidimar ƙasa ya koma 77,000. Muna taya su murna da zuciya ɗaya. Amma abin da yake shiga aljihuna a wata, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba ya cika mini tankin babur na zuwa makaranta har wata ya mutu. Sakamakon a bayyane yake: ɗan riƙo yana kabu-kabu da yamma, yana noman rani, ranar kasuwa yana tsaron shagon yayansa. Duk ran da ɗayan waɗannan ya ci karo da lokacin aji, kun san wanda yake cin nasara.

Akwai wani nau'in riƙo da ba a son a ambata, ni kuwa zan ambata. Wani yana da albashi, sunansa yana kan aji, amma yana birni yana harkokinsa. Sai ya sami wani yaro a ƙauye ya ce ya riƙe masa, ƙarshen wata ya gutsura masa ɗan abin da ya ga dama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba kowa ba ne, yawancin malaman da na sani suna kan aikinsu cikin wahala da mutunci. Amma inda ake yi, kowa a garin ya sani, kuma abin da ya ba shi wurin ɓuya shi ne rashin rubuta wanda yake tsaye a gaban allo da gaske.

Shiga da fita ma babu tsari. Ran da na karɓi ajina, rajista rabi a cike na tarar, littafin da ake rubuta darussan da aka koyar kuwa babu shi babu dalilinsa. Wata abokiyar aikinmu ta riƙe aji ɗaya shekara biyu cur, ita ta koya wa yaran riƙe fensir, ita take raka masu kuka gida. Wata Litinin ta zo da safe aka ce mata an turo mai aji, an gode. Ko awa ɗaya ba a haɗa su su zauna ba. Ta naɗe littattafanta ta tafi da duk abin da ta sani game da yaran nan a cikin kanta, sabon malami kuma ya fara daga shafin farko. A ranar wani yaro daga ajina ya biyo ni har wurin babur ya ce, "Malam, kai ma tahiya za ka yi?" Na ce masa a'a. Har yau ina jin nauyin amsar nan, don ba ni da hurumin yin wannan alkawari.

Bita kuwa da jerin albashi ake gayyata, don haka wanda yake aji ba ya zuwa, wani lokaci wanda ba ya aji ne yake zuwa ya karɓi kuɗin mota. Sabuwar hanyar koyar da karatu sai dai mu ji a bakin wani.

Ba zan tsallake 'yan'uwanmu na kudancin jiha ba. Tun satar ɗaliban da aka yi a Birnin Yauri a watan Yunin 2021, da na Maga a watan Nuwamban 2025, kowa ya san koyarwa a wasu yankunan sai da addu'a. In malami baƙo ya nemi a canza masa wuri, ba wanda zai zarge shi, yana da iyali. Wanda yake saura a ajin shi ne ɗan garin da ba shi da inda za shi. In wani abu ya same shi a bakin aiki, Allah ya kiyaye, iyalinsa ba su da ko takardar da za su nuna cewa malami ne.

To, ranku ya daɗe, kada in cika ku da kuka in ɓoye namu laifin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa tun da muka ce "to" muka karɓi alli, mun ɗauki amana ko an biya ko ba a biya ba. A cikinmu akwai wanda ya mayar da aji zauren jira: yana koyarwa da ido ɗaya a kan waya, ran da wani aiki ya faɗo sai ya ɓace a tsakiyar zango ko sallama babu. Akwai wanda ba ya rubuta shirin darasi, in an yi magana ya ce ai ba biyansa ake yi ba. Akwai wanda sakandare kawai ya gama, ita ma da ƙyar, yana koyar da lissafin da shi kansa bai iya ba, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Akwai mai huce haushin talaucinsa a bayan yara da bulala. Na taɓa yin fashin kwana huɗu a jere lokacin dashen shinkafa, na dawo na tarar ajina yana wasan langa, kuma ba wanda ya tambaye ni ina na je. Wannan rashin tambayar ya fi fashin ba ni tsoro. Yaro ɗan shekara tara bai san wane ne mai albashi wane ne ɗan riƙo ba, shi dai ya san Malam. Shekarar da ya rasa a aji huɗu ba ta dawowa don an ce malaminsa na wucin gadi ne. Saboda haka in mun ce a ba mu haƙƙi, muna nufin a ɗora mana ƙa'ida tare da shi, wanda ya kasa a sallame shi, ko ni ne.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ku fara da ƙidaya mu. Kowane sakataren ilimi ya sa hedimastocinsa su rubuto sunan wanda yake koyar da kowane aji a zahiri, da shaidar karatunsa, da ranar da ya fara, a kuma yi wa hedimasta alkawarin ba za a hukunta shi don ya faɗi gaskiya ba. Daga wannan jerin kaɗai za ku ga gurbin da yake buƙatar malami na dindindin, ku ga kuma masu ba da hayar aji.

Wanda aka tantance aka ga ya cancanta, ta fuskar ilimi da ta hali, har da shaidar mai unguwa da kwamitin makaranta tunda 'ya'ya mata ake damƙa masa, a ba shi takarda mai ɗauke da sunan makaranta da aji da wa'adi. Wa'adin kada ya gaza shekarar karatu guda, sai dai in gurbin na hutun haihuwa ne ko jinya. Shi ma ya sa hannu cewa ba zai bar aji a tsakiyar zango ba, zai cike rajista, zai rubuta shirin darasi, zai tsaya a duba aikinsa kamar kowa. A yanka masa alawus sananne da zai riƙa shiga asusunsa na banki kai tsaye, har da watannin hutu, a sauke wa iyaye wannan kaya. Ban ce a daidaita mu da masu cikakken albashi ba. A dai sa adadin da mutum zai iya faɗa wa matarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

In za a turo mai aji, a sanar da ɗan riƙo tun kafin zango ya ƙare, a haɗa su mako guda a aji ɗaya, tsohon ya miƙa wa sabon rajista da sakamako da bayanin yara. A sa sunanmu a gayyatar bita. A taimaka wa masu NCE da ba su yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN ba su zauna jarrabawarta, waɗanda ba su da NCE kuma amma an ga suna da hannun koyarwa a buɗe musu hanyar karatu, ga kwalejin ilimi ta Adamu Augie nan a Argungu, ga karatun ƙarshen mako na cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI. Sannan babbar buƙata: duk lokacin da za a ɗauki sababbin malamai, a lissafa shekarun riƙo a matsayin maki, a fara duba wanda ya riga ya zauna a ƙauyen. Wanda aka ɗauko daga birni aka jefa ƙauyen da bai sani ba, kafin ya kwance jaka ya fara neman hanyar komawa. Wanda ya yi shekara uku a wurin ba albashi, ba sai an tambaye shi ko zai zauna ba.

Ina da ƙarfin gwiwar rubuta wannan ne saboda jiharmu tana hannun malami. Mai girma Gwamna, Dokta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, kafin ya hau wannan kujera, don haka ba sai an fassara masa ƙurar alli ba. Ina roƙon waɗanda wasiƙar nan za ta fara isa hannunsu su kai ta gaba. Ina kuma roƙon iyayenmu na ƙungiyar malamai su tuna da mu, ko da ba a cire mana kuɗin ƙungiya, tunda babu albashin da za a cira a ciki.

Yarana suna aji shida bana, in Allah ya kai mu ƙarshen shekara za su wuce ƙaramar sakandare, ni kuma ban san ko za a sake ce mini in riƙe wani ajin ba. Na sayi littafi mai shafi 80 na fara rubuta bayanin kowane yaro: inda ya kai a karatu, abin da yake ba shi wuya, wanda za a nema a gidansu in ya daina zuwa. Na kai yaro na 23. Ina roƙon ku gaya mini wanda zan miƙa wa littafin nan in na gama.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin riƙo, daga masarautar Argungu